Kukan ƙofar shago ma jawabi ne

Wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari da hantsi, kafin kasuwa ta cika, ya san wannan ƙara. Daga wannan layi zuwa wancan ƙarfe ne ke ta ruri, yaran shago na ɗaga ƙofofi. Wata takan tashi sumul da hannu ɗaya, yaro ma yana riƙe da kofin shayi a ɗaya hannun. Wata sai an yi mata taron dangi, mutum biyu sun durƙusa sun sa kafaɗa, na uku yana dukan gefenta da ƙafa. Wata kuwa takan hau har rabi ta cije, ta karkace, ta bar Alhaji tsaye da makullai a hannu yana kallon masu sayayya suna shigewa shagon maƙwabci. A lokacin ne ake tuna cewa akwai lambar mai walda a waya.

Ƙofar naɗi, wadda wasu ke kira shota, ta mamaye kasuwanninmu tun daga Sabon Gari da Singa da Farm Centre a Kano har zuwa shagunan bakin titi a Kaduna da Maraɗi. Dalilin a bayyane yake. Ƙofa mai ƙyaure biyu tana son fili a gabanta, a layin da ɗan dako da mai kura ke gogayya kuwa babu wannan fili. Ita ta naɗi sama take tafiya ta nannaɗe kamar tabarma, ta bar bakin shago gaba ɗaya ya zama wurin baje haja. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1854 wani maƙeri a birnin New York na Amurka, John B. Cornell, ya yi rajistar wata hanya ta harhaɗa sala-salan ƙarfe don irin wannan ƙofa ta gaban kanti. Abin da ya iso mana shi ne ƙofar. Ilimin kula da ita bai iso da yawa ba, ya tsaya a hannun masu walda, su ma wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba yana lalube.

Nauyin da ba ka ji

A fara da lissafi kaɗan, don shi ne tushen maganar. Fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1 yana da nauyin kilo kusan 8 a kowace murabba'in mita. Ƙofar shago mai faɗin mita 3 da tsayin mita 3, idan an yi ta da ƙarfe mai kaurin milimita 0.8, nauyin fallenta a shimfiɗe ya kai kilo 57. To amma ba a shimfiɗe yake ba. Kowace sala an lanƙwasa bakinta sama da ƙasa don ta sarƙe da 'yar'uwarta, kuma akwai ƙarfen angul mai kauri a ƙasa. Idan aka haɗa duka, an doshi nauyin buhun siminti ɗaya da rabi, wani lokaci biyu. Yaron da ke ɗaga ta da hannu ɗaya ba ƙarfi gare shi ba. Sifirin ne ke ɗagawa, shi dai rakiya yake yi.

Sifirin ɗin yana can sama cikin murfi, inda ido ba ya kaiwa. Iri biyu aka fi gani. Akwai na murɗe, mai kama da na tsohon gadon ƙarfe amma ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, wanda ake zura wa bututun da ƙofar ke naɗewa a kai. Akwai kuma na faifai, wato siririn ƙarfe mai faɗi da aka nannaɗe cikin wani gwangwani kamar na cikin agogon da ake ba wa wani, a jera biyu ko uku ko huɗu a kan bututun gwargwadon girman ƙofa. Aikinsu ɗaya. Idan ka jawo ƙofa ƙasa, kana ɗaure sifirin ne, kana ajiye ƙarfi a cikinsa. Da safe idan ka ɗaga, ƙarfin da ka ajiye jiya shi yake dawo maka da shi. Ƙofa mai lafiya sikeli ce, nauyin ƙarfe a hannu guda, ƙarfin sifirin a ɗaya hannun.

Kuma sifirin yana da kwana ƙidayayye. Masu ƙera shi ba da shekara suke auna rayuwarsa ba, da yawan hawa da sauka suke aunawa. Na gama-gari ana yi masa lissafin sau 10,000, na manyan ɗakunan ajiya kuma akwai mai 20,000, mai 50,000, har mai 100,000. Shagon da ake buɗewa da safe a rufe da yamma kawai, sau 10,000 zai kai shi shekara 27. Amma wane shago ne a Kano ake buɗewa sau ɗaya? An ja ƙofa an tafi Azahar, an dawo. An ja an tafi La'asar. Yaro ya ja ya je sayo abinci, ya ja ya raka baƙo sito. Idan ta kai sau 4 a yini, shekara 7 ma ba za ta cika ba. Wannan kuwa idan sifirin ɗin na kirki ne, ba wanda aka sayo don ya fi araha ba. Saboda haka ɗan kasuwar da ke rantsuwa cewa an cuce shi don ƙofarsa ta fara nauyi bayan shekara shida, mai yiwuwa babu wanda ya cuce shi. Ƙarfe ne ya gaji.

Ƙofa ba ta mutuwa farat ɗaya. Tana fara nauyi, a ce ai sanyi ne. Tana ƙin tsayawa a sama, a samo sanda a tokare. Tana hawa da kafaɗa ɗaya a gaba, wanda ke nuna sifirin na gefe ɗaya ya saki ko ya karye, ɗayan ke jan kayan shi kaɗai. Tana kuka iri-iri: ƙugi idan boris ya bushe, ƙarar gogayya idan sala na cin gefe, ƙara ɗaya mai kama da harbin bindiga ranar da sifirin ya tsinke. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, amma a kasuwa an saba da hayaniya har kunne ya daina ji.

Gyaran gangar auzinawa

Na taɓa zama a shagon wani ɗan'uwana ranar da sifirin ƙofarsa ya tsinke. Aka kira mai walda mafi kusa, ya zo da yaransa biyu da janareta a kan kura. Ya hau tsani, ya leƙa, ya ce ai ƙaramin aiki ne, ba sai an sayi sabo ba. Ya haɗa bakin karayar ya ɗana mata wuta, ya karɓi kuɗinsa, kowa ya yi murna an tsira da araha. Ba a yi wata guda ba ya sake tsinkewa, daidai gefen inda aka yi waldar, kuma a wannan karon ƙofar ta rufto ne da tsakar rana. Allah ya kiyaye babu kowa a ƙarƙashi.

Abin da ya faru ba tsautsayi ba ne. Ƙarfen sifirin ba irin na rodi ba ne. An gasa shi, an tsoma, an sake ɗumama shi daidai gwargwado kafin ya samu wannan hali na lanƙwasuwa ya dawo. Wutar walda tana rushe wannan gashin. Inda ta taɓa ya yi tauri ya zama mai saurin karyewa, gefensa kuma ya yi laushi. Sifirin da ya karye sai dai a canza shi, kuma idan biyu ne a canza su tare, domin rana ɗaya aka ɗaura su, wanda bai karye yau ba yana kan hanya. Mai gyaran kirki zai faɗa maka haka ko da ranka zai ɓaci. Zai kuma ƙirga zagayen da ya murɗa wa kowane gefe don su zo daidai, in ba haka ba ƙofar za ta ci gaba da tafiyar kaguwa.

Nan ne kuma haɗarin sana'ar yake. Lokacin da ƙofa take rufe, a lokacin sifirin ya fi ɗaurewa, duk nauyin nan na buhunan siminti yana ƙunshe a cikinsa yana jiran hanya. Wanda ya kwance noti ba tare da ya sassauta shi ba, ko ya riƙe murɗin da sukundireba a maimakon sandar ƙarfe da ta cika ramin, abin zai iya fizgewa ya karya yatsu ko ya fasa haɓa, mutum kuma yana kan tsani. Shi ya sa masu hankali a sana'ar sukan tara mutane a ɗaga ƙofar sama tukuna, a ɗaure ta ko a tokare ta gefe biyu, sannan a taɓa sifirin. Wannan ba aikin yaron shago ba ne, komai wayonsa. Share hanyoyin gefe nasa ne. Abin da ke cikin murfi a bar wa masu shi.

Sai hanyoyin gefe, wato ƙarafan nan biyu masu kwari da ƙofar ke bi. Su ne suka fi shan wahala, don su ke bakin titi. Adaidaita sahu ya goga, mai kura ya buga da dila, mota mai sauke kaya ta ja da baya ta taɓa. Lotsawar da ba ta kai kaurin yatsa ba ta isa ta sa ƙofa cijewa. Sau da yawa sifana da guduma sun isa a buɗe bakin, amma mai gyara ya kamata ya sa igiyar awo ya tabbatar hanyoyin suna tsaye cak kuma tazarar da ke tsakaninsu a sama ita ce a ƙasa. Wani lokaci laifin ma na magini ne. An kafa ƙarfen da ke riƙe bututu a jikin bulon da ba shi da siminti, shekara biyu na girgiza ya sa ƙusoshin sun yi ɗaki a ciki, bututun ya sunkuya gefe guda. A irin wannan ko sifirin nawa aka canza a banza, sai an fasa an kama kankaren linta ko ginshiƙi.

Ƙura da baƙin mai

Akwai wata al'ada da ta zama kamar doka: ƙofa ta yi ƙara, a aika yaro gareji ya samo baƙin mai a gora, a tuttula a hanyoyin gefe. Ranar farko ta yi shiru, kowa ya ce an dace. Sai hunturu ya shigo da ƙurarsa, ta manne a man, ta zama wani baƙin kwaɓi mai yashi-yashi wanda ke cin bakin sala kamar zarto. Ga ɗiga a kan shadda da atamfa, ga ɓata rigar mai wucewa. Hanyoyin gefe shara suke so fiye da mai. A kankare kwaɓin, a wanke da kananzir da buroshi, a goge, in ma za a shafa wani abu ya zama ɗan kaɗan. Masu son mai su ne sifirin da boris, can sama inda babu mai tunawa da su.

Damina kuma ta ƙasa take kamawa. An lulluɓe sala da tutiya don kada ta yi tsatsa, amma ƙarfen angul na ƙasa galibi baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa fenti, kuma shi ke kwana cikin ruwa. Ba ruwan sama kaɗai ba. A lura da inda ake alwala a yawancin shaguna: daidai bakin ƙofa, sau da yawa a yini, shekara da shekaru. Ruwan yana gangarawa gindin hanyoyin gefe ya kwanta. Je ka duba tsofaffin ƙofofi, za ka ga daga gwiwa zuwa sama lafiya lau, daga idon sawu zuwa ƙasa kamar gara ta ci. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ta tuna wa mutane cewa ƙofar naɗi ba ta tare ruwa. Ɗan dakalin siminti a bakin shago da roba a ƙarƙashin angul suna rage ɓarna, jan fenti mai hana tsatsa sau ɗaya kafin kowace damina kuma yana ƙara wa ƙarfen shekaru.

Alherin wannan ƙofa shi ne ba sai an zubar da ita duka ba. Sala ɗaya ko biyar da suka lotse ana iya zare su ta gefe a zura sababbi. Sai dai a nan ma akwai tarko biyu. Na farko, injinan da ke lanƙwasa sala ba bakinsu ɗaya ba, don haka wanda zai je Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ko Katako a Yamai neman canji ya yanki guntun tsohuwar ya tafi da shi, kada ya dogara da ido. Na biyu shi ne maganar geji, wadda ke rikita mutane da yawa domin lissafinta a juye yake: lamba na hawa, ƙarfe na sirancewa. Geji 18 ya kai kimanin milimita 1.2, geji 20 kimanin 0.9, geji 22 kimanin 0.75, geji 24 kimanin 0.6. Mai saye ya nemi a faɗa masa kauri da milimita, a kuma auna a gabansa. Idan an canza sala da wadda ta fi ta da kauri, nauyi ya ƙaru ke nan, dole a sake ɗaurin sifirin.

Araha ba ta ado, a nan kuwa ba ta tsaro ma. Ɓarawo ba ya wahalar da kansa da manyan kwaɗunan da aka rataya a gefe. Tsakiyar ƙofa yake nema daga ƙasa, ya zura ƙarfe ko jak ɗin mota ya ɗaga, siririyar sala ta lanƙwashe ta fice daga hanyarta. Waɗanda suka ga abin da ya faru da wasu shaguna a Kano ranar 1 ga Agustan 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe ta zama wawaso, ba sa buƙatar dogon bayani. Abin da ke ba ɓarawo wahala shi ne hanyoyin gefe masu zurfi, ƙugiyoyi a bakin sala da ke hana ta zamewa, da makulli na uku a tsakiya wanda ya kama ƙasa. Duk waɗannan mai walda zai iya ƙarawa a tsohuwar ƙofa cikin yini guda.

Gobara kuwa wani babi ne. Wutar da ta tashi cikin dare a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, wadda rahotanni suka ce ta cinye shaguna kusan 3,800, ba ƙofofin ƙarfe ne suka tsayar da ita ba. Wuta ta sama take bi, ta silin da rufin da shaguna suka haɗa, ƙofar da aka garƙame kuma sai ta zama shinge tsakanin 'yan kwana-kwana da abin da suka zo kashewa. Akwai ƙofar naɗi da aka ƙera musamman don gobara. A Amurka irinta tana da wani ɗan ƙarfe da ke narkewa idan zafi ya kai digiri 74, sai ta sauko da kanta ta raba wuta da sauran gini, kuma ƙa'idarsu ta ce a gwada saukarta kowace shekara. Tamu ta kasuwa ba ita ba ce, kada wani ya sayar maka da ita da wannan suna. Ƙofar da wuta ta gasa kuma, ko ta miƙe an yi mata fenti, sifirinta ya mutu, tutiyarta ta ƙone. Ta 'yan gwangwan ce.

Masu ƙofa mai inji, irin ta manyan kantuna da sito-sito, nasu ciwon kan daban ne. Wuta mai rauni tana ƙona inji, kuma akwai wani ɗan maɓalli a ciki da ke gaya masa inda zai tsaya sama da ƙasa, wanda idan ya goce sai ƙofa ta naɗe fiye da kima ko ta dinga dukan ƙasa. Abu ɗaya zan ce a nan: a ƙasar da ɗauke wuta ba labari ba ne, duk wanda ya sa inji bai san inda sarƙar jan hannu take ba, ko ya bari ta yi tsatsa, wata rana zai kwana a waje ko a ciki.

Mutumin da ke kan tsani

A yi wa mai walda adalci. Yana aiki ne a kasuwar da kowa ke cewa a rage. Fallen da ake yin sala da shi mafi yawansa daga waje ake shigo da shi, don haka farashinsa dala yake bi. Kamfanin Ajakuta da aka ƙulla kwangilarsa tun 1979 har yau bai narka tama ya ba mu ƙarfe ba. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, janaretan mai walda kuwa ba ruwa yake sha ba. Idan ya faɗi kuɗin sabon sifirin aka ce masa ya yi tsada, Malam a dai taɓa ta ta tashi, to zai taɓa ta. Rabin gyaran banza da ake yi a kasuwa, mai shago ne ya yi odarsa da bakinsa.

Jikinsa ma yana biya. Walda a kan ƙarfe mai tutiya tana tayar da wani farin hayaƙi wanda ke sa zazzaɓi da ciwon jiki da daddare, mutum ya ɗauka sauro ne. Da yawa suna shan madara bayan aiki da imanin tana wanke ƙirji. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, hayaƙi kuwa huhu ya shiga. Abin da ke kare mutum shi ne ya kankare tutiyar daga inda zai ɗana wuta, ya yi aikin a inda iska ke kaɗawa, ya rufe hanci da abin kirki. Haka baƙin gilashin kwalliya da yara masu koyo ke sawa ba ya tare hasken walda, shi ya sa suke kwana suna hawaye kamar an zuba musu yashi a ido. Ogan da ya iya sayen giranda ya iya sayen garkuwar fuska ta biyu.

A ganina ƙungiyoyin 'yan kasuwa na da abin yi a nan wanda bai kai kuɗin maigadi na wata ɗaya ba. Layi guda mai shago hamsin zai iya ɗaukar mai gyara ɗaya da aka yarda da aikinsa, ya zagaya sau biyu a shekara, kafin damina da kuma bayan hunturu, ya buɗe murfi, ya duba sifirin da ƙusoshin bango, ya share hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum sai ana saura kwana uku Sallah, kasuwa ta cika maƙil, ake neman mai walda ido rufe, shi kuma ya faɗi kuɗin da ya ga dama.

Kafin a kai ga haka, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Gobe da safe, Alhaji, karɓi makullin daga hannun yaro ka buɗe da kanka. Ɗaga ƙofar zuwa daidai ƙugunka, ka janye ƙafafunka daga ƙarƙashinta, ka sassauta hannu a hankali. Idan ta tsaya inda ka bar ta, ko ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya, sikelinta na nan daidai. Idan ta nufi ƙasa da gudu, ko ta fizge ta yi sama, ko kafaɗa ɗaya ta riga ɗaya, kira mai gyara a cikin makon nan, kuma ka ce masa sabon sifirin kake so, ba walda ba.